Goyo a Ƙofar Jirgi

"To ina uwarta, ɗana?"

"Tana gida da tsohon ciki, Lalla. Kakarta za mu gani a Kanada, ba su taɓa haɗuwa ba."

"Awa bakwai a sama, kai kaɗai? Allah Ya agaza maka!"

Wadda Anwar ya kira Lalla, wato uwargida, mai shara ce a filin jirgin Kazablanka, gajeriya, da shuɗin zane a haɓarta irin na matan kan tsauni. Anwar yana kallon kaushin hannuwanta, yana raya a ransa cewa hannuwan nan sun yi renon 'ya'ya da yawa. Ga 'yarsa Rim tana birgima a ƙasa tana ihu, ga jaka biyu, ga layin shiga jirgi yana ƙarewa.

Matar ta warware mayafin kafaɗarta. "Sunkuya mana! Tsawo har haka, goyo ya gagare ka?"

Ta aza masa yarinyar a baya, ta ɗaure tamau a ƙirjinsa. Ihu ya koma shessheƙa, ɗan kai ya kwanta tsakanin kafaɗunsa.

"Lalla, mayafinki fa?"

"Wuce kar su rufe ƙofa!"

Yana ta cewa Allah Ya jiƙan iyayenki, ita kuwa ta ja bokitinta ta nufi inda wani ya zubar da shayi.