Jan Fenti a Bangon Kawu

Ban nemi shugabancin layinmu ba. A nan Njamena kowane gungun gidaje yana da mutum guda da ke tsayawa tsakanin jama'a da ofishin magajin gari, wanda muke ce wa meri. Mahaifina ne ya riƙe wannan aiki har rasuwarsa. Bayan sadakar arba'in dattawa suka zauna a ƙofar gidanmu suka ce ni zan ci gaba, tunda na yi makarantar boko ina jin Faransanci. Suka miƙo mini hatimi da makullin akwatin gidan waya, wanda duk layin ke karɓar wasiƙa da lambarsa. A lokacin ina sayar da kayan gyaran babur kusa da unguwar Bololo, kuma na ɗauka abin ba zai wuce buga hatimi ba.

Ya wuce. Wanda zai sa ɗansa makaranta yana son shaidar zama, ni zai nema. Mata biyu sun yi faɗa a kan ruwan wanki da ɗaya ta watsa a ƙofar ɗaya, ni za a kira. Masu rigakafi sun zo, ni zan shiga gabansu gida gida. Duk Asabar in hau babur zuwa gidan waya in buɗe akwati, in raba abin da na samu, har wayar hannu ta yawaita akwatin ya koma ba komai sai takardun hukuma. Babu albashi. Matata takan ce na auri layin na bar ta da tukunya.

Babbar damuwarmu ita ce ruwa. Layinmu a kwari yake, kuma ƙasar garin nan ba ta shan ruwa. Da damina ta sauka sai hanya ta zama tafki, mu jera tubala mu riƙa tsallakawa zuwa masallaci da wando a naɗe. Na yi shekaru ina kai kuka meri. Na san bencin da ke bakin ofishin ayyuka fiye da kujerar shagona. Mutum ya zauna tun hantsi, fanka ba ta juyawa, sai wajen azahar a leƙo a ce masa da Larabci, "Ambakir," wato gobe. Goben ma haka. Ba wulaƙanci suke yi mini ba, har shayi sukan ba ni, amma su ma jiran wani suke daga sama.

Wata bazara, ban yi zato ba, sai ga mota ta tsaya a bakin layi. Wani ma'aikacin meri ya fito da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, ya tambayi wane ne shugaban layi. Ya ce an amince za a gina mana magudanar ruwa, amma sai an faɗaɗa hanya, don gidaje da yawa sun ci ƙasar hukuma. Na yi murna har na riƙe masa bakin igiyar da hannuna. Sai da muka fara tafiya yana shafa jan gicciye a bangon mutane na gane abin da na riƙe.

Ya shafa a katangata, inda ta haɗa da banɗaki da bishiyar dalbejiya. Ya shafa wa wani ɗan kasuwa daga Damagaram da ke haya a gefenmu. Sannan muka iso shagon Kawu.

Kawu ba ɗan'uwana na jini ba ne, aminin mahaifina ne, tela, kuma shi ne mafi tsufa a layin. Mahaifinsa yana cikin mutanenmu da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari suka zauna. Shi ya gina wannan shago da hannunsa, jingine da gidansu, kuma a ciki Kawu ya ɗinka mini rigar sallata ta farko. Igiya ta nuna cewa shagon gaba ɗaya a kan hanya yake.

Kawu ya dakatar da keke ya dube mu ta saman tabarau.

"Ɗana, me bawan Allah yake shafa mini a bango?"

"Kawu, aikin ruwan nan ne da muke ta nema. Sun ce shagon ya shigo hanya."

"Hanyar ce ta zo ta same shi. Lokacin da aka gina shi ba kowa a nan sai awaki."

Na fassara wa ma'aikacin. Ya saurara da ladabi, ya ce shi taswira aka ba shi, ba shi ya zana ba. Ya shafa gicciyen ƙarami, kamar hakan zai rage wani abu, muka wuce.

Makonnin da suka biyo baya ban samu sukuni ba. Kowa ya zo da nasa: wannan ya ce in roƙa a bar masa taku ɗaya, wancan ya ce igiyar ta karkace a ƙofarsa. Na koma meri na roƙa a kan shagon Kawu kaɗai. Aka ce idan an bar ɗaya sai an bar duka. Aka kuma ce wanda ya rushe da kansa zai tsira da tubalinsa da kwanonsa, wanda ya jira katafila kuwa shi ya sani.

Na ga ba wanda zai fara idan ban fara ba. Na kira magina suka sauke katangata, aka sare dalbejiyar. Matata ta tsaya daga cikin gida tana kallo, tsakar gidanta a buɗe ga duk mai wucewa, ta ce, "Malam, ka tabbata dai za su zo?" Na ce na tabbata. Muka kewaye wurin da zana. Da mutane suka ga haka suka bi, cikin gunaguni. Kawu kaɗai ya ci gaba da ɗinki kamar ba shi aka shafa wa fenti ba.

Ranar da katafila ta shigo layin, na riga ta zuwa wurinsa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Kawu, don Allah a fitar da keken."

Ya gama layin ɗinkin da yake kai, ya yanke zare, ya naɗe yadin. Na miƙa hannu zan kama keken, ya ce, "Bari, ba kai ka shigo da shi ba." Jikokinsa suka ɗauka suka shiga da shi cikin gida. Bai tsaya ya ga rushewar ba. Ni na tsaya, saboda aikina ne in tsaya.

Aka haƙa rami mai zurfi daga bakin layi har ya wuce ƙofar Kawu. Daga nan ma'aikata suka kwashe kayansu, suka ce za su dawo bayan salla. Salla ta wuce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ba su dawo ba.

Wannan damina ta fi duk wadda na sani wuya. Ramin ba shi da mafita, sai ya cika ya tumbatsa ya shiga gidajen da yanzu ba su da katanga. Muka shimfiɗa katako muna tsallakawa. Mata suka hana yara fita. Sauro ya yi yawa har zazzaɓi ya zagaye gidaje. Shagon Kawu, ashe, shi ke tare wa ɗakin kwanansa ruwa. Da babu shi sai gindin bangon ya jiƙe, wata safiya bayan ruwan sama ya zame ya faɗi waje. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. 'Yarsa ta zo da mota ta kwashe shi da matarsa zuwa gidanta, can bayan gari ta hanyar ƙauyen Gaoui.

Na koma bencina. Ma'aikacin da ya yi awo an mayar da shi wata gunduma. Wanda ya gaje shi ya ce bai san da maganar ba, in je babban ofishi. A babban ofishi aka ce aikin yana hannun ɗan kwangila, shi kuma yana jiran a sake masa izini. Na riƙa fita da safe in dawo da la'asar, shago a rufe, takalmi cike da laka. A layi mutane sun daina tambayata yaya aka yi. Sai su gaishe ni su dubi ramin, su wuce. Ɗan Damagaram ɗin nan ya ce mini wata rana, ba da faɗa ba, "Malam, da ka bar mu da tafkinmu."

Da kaka ta yi na je gaida Kawu. Na same shi a zaune a tabarma, keken yana gefe an lulluɓe shi da zane. Ya ce a unguwar ba wanda ya san shi, kuma idonsa ma ya fara gajiya. Ya sa aka kawo mini ruwa a sabon tulu. Ya tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, har da masu haya. Na ce masa ina so in ajiye hatimin.

"Ka ba wa?"

"Duk wanda zai karɓa."

"Ba wanda zai karɓa da rami a buɗe. Ka jira a rufe shi tukuna."

Haka kuwa aka yi. Na tara dattawa na faɗa musu, kowa ya sunkuyar da kai. Na ci gaba da riƙewa.

Sai bayan wasu damuna, ana gab da wani zaɓe, motoci suka dawo da siminti da ƙarfe. Cikin ɗan lokaci suka gama. Sabuwar taswira ce suka zo da ita, kuma magudanar da suka gina ta fi ta farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tsakaninta da bangon gidan Kawu aka bar fili wanda shagon zai zauna a ciki har da saura. Na tambayi mai kula da aikin dalili, ya ce shi bai san an taɓa yin wani awo ba.

Ruwa yana wucewa yanzu, in dai an kwashe shara kafin damina. Na miƙa hatimi da makulli ga wani malamin makaranta da ya fi ni ƙarfin gwiwa, na koma shagona, wanda rabin masu sayayyarsa sun riga sun saba da wani wuri.

Kawu ya zo layin sau ɗaya bayan haka, ranar sunan ɗan jikarsa. Na tare shi a bakin hanya na kama masa hannu, don sanda yake dogarawa. Ya taka murfin simintin a hankali, ya buga shi da sandar ya ji ƙarfinsa. Da muka iso ƙofarsa ta dā ya tsaya ya dubi filin, inda 'yan haya suka jera baburansu a inuwa.

"Aikin ya yi kyau," in ji shi. "Ashe iyakar abin da suke so ke nan."

Na ce, "Iyakarsa ke nan, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya ce in kai shi wurin zama, ƙafarsa ta gaji. Na kai shi cikin rumfar da aka kafa, na zauna kusa da shi har aka shafa fatiha aka fara rabon goro.