Katunan Yaya Lawal a Bangon Kurfi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal. Niyyata in yi masa addu'a in yi shiru, sai wani baƙo ya tayar mini da hankali.

Lokacin da Yaya yake aikin gwamnati a Kaduna, matarsa, Yaya Rabi, tana Kurfi. Katin gidan waya yake aiko mata, hoton sakatariya ko ginin majalisa a gaba, rubutunsa a baya. Kati ba shi da ambulan, Yaya kuwa bai yarda da kowa ba. Cewa yake kafin ya iso Dutsin-Ma duk mai ido ya karanta shi. Saboda haka maganar ba ta da tsawo: yana lafiya, a gaida yara, kada a sayar da wake sai ya zo. Ni nake karanta mata. Ina gamawa sai ta shafa ƙaro a kan rubutun ta manna a bangon ɗakinta, wai kada maƙwabta su sa a karanta musu. Wajen zargi dai Allah ya haɗa su.

Kwanakin baya wani mutum da 'yar jakarsa ya yi sallama, wai tarihi yake tarawa, yana son katunan. Na tambaye shi wa ya ba shi labarin abin da ke ƙuryar ɗakin tsohuwa, ya yi dariya ya sauya magana. Ina zai kai su? Wai inda duniya za ta gani. Raina bai kwanta da shi ba ko kaɗan. Da Yaya yana raye, tun a zaure zai sallame shi. Wanda ya ji tsoron ma'aikacin gidan waya, me zai ce da zamanin da ake ɗora komai a wayar hannu?

'Ya'yan Yaya sun so a bayar. Ni ma, gaskiya, na yi kwaɗayin sake ganin rubutun hannun Yaya. Sai Yaya Rabi ta sa na tambayi baƙon, in an ɓamɓare katunan, wane gefe ne zai tsira. Ya ce hoton ba abin da zai same shi, rubutun ne wataƙila ya bi bango.

Ta ce, "Hajara, gaya masa ginin yana nan a Kaduna, ya je ya ɗauka. Mai rubutun ne babu."

Katunan suna nan manne. Ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da ke bayan kowanne. Allah ya jiƙan Yaya.