Layin da na bari babu komai

Shekaru da dama ke nan, lokacin ina magatakarda a wata ƙaramar cibiyar koya wa makafi sana'a a nan Illela. Ana koyar da saƙar kujera da tufkar igiya. Malamin saƙar kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, shi ma makaho ne tun yana saurayi. Ba ya koyarwa da baki sosai. Sai ya tsaya a bayan ɗalibi, ya ɗora hannuwansa a kan nasa, su ja zaren tare har yatsun ɗalibin su gane hanya.

Wata rana aka aiko mana da fom daga Sakkwato. Ana so mu faɗi ma'aikatan da za mu buƙata nan da shekara biyar, da waɗanda ya kamata a fara shirya masu maye gurbinsu. Na zauna a rumfar saƙa ina karanta wa Kawu.

Da na zo layin maye gurbi sai ya dakatar da hannunsa.

"Rubuta ni," in ji shi.

Na ce, "Haba Kawu, Allah ya ƙara nisan kwana."

"Amin. Amma rubuta. Ka ce a ɗauki biyu cikin ɗalibaina in koya musu koyarwa. Saƙa sun iya ta. Riƙe hannun wani ne ba su iya ba tukuna."

Ya ambaci wata mata daga Tozai, wadda ta rasa ganinta bayan haihuwarta ta uku, da wani mutumin Gidan Katta.

Na riƙe biro na kasa. Gani nake in na sa sunansa a layin nan, kamar ni ne na kira masa mutuwa. Sai na tsallake. A ƙasa kuwa na cika da abin da ya dame ni: mai buga takardu, saboda na gaji da bugawa da yatsa biyu, da ƙarin mai gadi. A lokacin ji nake na yi hangen nesa.

Kawu ya miƙo hannu, ya shafa takardar daga sama har ƙasa.

"Ka rubuta, ɗana?"

Na ce, "Na rubuta, Kawu."

Ya rasu a daminar shekara ta biyu, bayan jinyar kwana tara.

Da muka nemi a ɗauki ɗalibansa biyun nan aikin koyarwa, aka buɗe fom ɗinmu aka nuna mini layin babu komai. Ba su yi mini faɗa ba. Sun ce guraben an riga an raba su bisa abin da kowace cibiya ta nema, sai dai a jira wani zagayen. Kafin nan aka turo mana wani masaƙi mai gani, mutumin kirki, gwani ne kuma. Ranar farko ya ɗaga kujera ya ce, "To, kowa ya kalli hannuna."

Sai mutumin Gidan Katta ya ce, "Malam, da mi?"

Aka yi dariya, har da shi malamin. Ya yi ƙoƙari iyakar iyawarsa, amma sababbin ɗalibai ba su kama ba. Ɗaya bayan ɗaya iyalansu suka zo suka tafi da su. Matar Tozai ta fi kowa daɗewa. Ranar da mijinta ya zo ɗaukarta a babur, ta tsaya a ƙofar ofishina.

"Marigayi Malam ya ce mini ya sa sunana a takarda. Ba su amsa ba ne?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta murza bakin mayafinta.

"Ashe ya tafi yana jira," in ji ta. "Allah ya jiƙan shi."

Yanzu cibiyar na da malamai biyu makafi, amma sai da aka yi shekaru kafin a samu, kuma babu wanda ya koya a hannun Kawu. Ita ba ta dawo ba.

Na daɗe ina cewa so ne ya hana ni rubutawa. Watakila. Amma na yi wa mutumin da ba zai iya duba takarda ba ƙarya a kan takarda, kuma wannan ba ya barin raina.

Fom ɗin har yau yana zuwa. In na kai layin nan, sunana nake fara rubutawa, sannan in karanta wa malaman abin da na rubuta, a gaban wani mai gani.