Fuskar da ke tsakanina da Kawu

Jiya Kawu ya cika shekara da rasuwa. Na sa hotonsa da nawa a manhajar waya mai rikiɗa fuska ta koma wata. Gemunsa ya janye a hankali, sai ga ni.

Shi kuwa bai taɓa yarda mun yi kama ba. Wata rana muna ɓarar masara a gonarsa ta garin Dayi, bakinsa jawur da goro, ya ja kunnena ya ce, "Kai ko kunnena ba ka ɗauko ba."

Na tsayar da bidiyon a tsakiya, na nuna wa Inna, ƙanwarsa. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ne, ko kai ne?"

Har yanzu kunnen nake dubawa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa in gane shi ranar haɗuwa.