Kwandon Sharar Madam

Ni mutum ne da idan na ga kaza a bakin titi, kafin in iso ofis ta zama jimina. Duk wanda ya zauna da ni ya san haka, ni ma ban taɓa musu ba. Na faɗa tun da farko ne saboda halin nan nawa ya kusa jawo asarar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina, kuma ba ƙaramin abu ke raba ni da abinci ba.

A wani ofishin safiyo nake aiki a Suleja, saman bene, bayan babbar kasuwa. Aikinmu awon filaye da kafa duwatsun iyaka. Da jan igiyar awo na fara, da gwiwata ta soma ƙara sai Oga, mai ofishin, ya mayar da ni sito. Kwamfutoci bakwai gare mu, tsofaffi, in aka kunna su tare sai ka ce injin niƙa aka tayar. Har ni an ba ni ɗaya, ina buga karta a kanta.

Wadda ta fi kowacce daraja ita ce ta Madam, mai buga mana takardu. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta ɗan girme ni, kuma in ka cire Oga babu wanda ya kai ta daɗewa a wurin. Idan maƙwabta biyu suka daidaita kan iyakar filinsu, a gabanmu suke dangwala yatsa a takarda, da shaidu da mai unguwa. Madam ta ɗauki hoton takardar ta shigar a kwamfuta, asalin kuma ya zo sito wajena. Wata damina rufin sito ya yi yoyo cikin hutun Sallah, muka dawo muka tarar takardun sun zama kunu. Masu filaye kan tafi da kwafinsu, amma ka san mutanenmu, wani gara ta ci, wani ya ɓace wajen ƙaura. In rigima ta tashi wurinmu ake dawowa, mu kuma ba mu da komai sai abin da ke cikin kwamfutar Madam.

Matsalar ita ce da ita aka haɗa firinta, don haka kowa na zama a kanta. An taɓa kwafe wata takarda daga ciki, ta faɗa hannun dillali, aka sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ba a gano wanda ya yi ba. Oga dai ya tsaya a kan Madam ya ce duk ranar da takarda ta sake fita, ko ta ɓace, ta ɗauki jakarta.

Bayan wannan ne Madam ta kafa mana doka: kada wanda ya taɓa ɗan kwandon sharar nan da ke kusurwar allo, wanda ake jefa fayil in an gama da shi. Ta ce ranar da aka zubar da shi firinta zai mutu. Muka yarda. Shekaru muna kewaye kwandon nan kamar ramin maciji.

Wata rana da azahar, ofis ba kowa, na shigo neman almakashi, sai na ga da idona ta ja sabuwar takardar iyaka, da yatsun mutane a jiki, ta jefa a kwandon.

Na ce, “Madam, kin zubar fa.”

Ta ce, “Rufe ƙofa, Mai Sito. Ka rufe bakinka kuma, shi ya fi ƙofar faɗi.”

Ta buɗe kwandon. Cike yake da takardun iyaka, jere, shekara kan shekara.

“Uwata a ƙasan kwandon toka take ɓoye 'yan kunnenta,” in ji ta. “Sau biyu ɓarawo ya shiga ɗakinmu, ya farke katifa, bai ko kalli toka ba.”

“To firinta fa?”

“Firinta lafiyarsa lau. Ku ne matsorata. Rantse ba za ka faɗa wa kowa ba. Ba irin rantsuwar da kake yi in kana labarin kifi ba.”

Na rantse da Allah, ta gaske.

Bara, cikin damina, kwamfutocin suka fara fito da wani saƙo kowace safiya, wai masu manhajar da ke tuƙa su sun daina kula da irin tamu, sai dai a sayi sababbi. Wani abokin Oga ya ba shi labarin wata manhajar ta daban, kyauta, wadda mutane daga ƙasashe suka haɗu suka rubuta, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka. Daga “kyauta” Oga bai ƙara jin sauran bayanin ba. Alamarta wani tsuntsu ne mai farin ciki da baƙin baya, zaune kamar ya ci ya ƙoshi. Muka sa mata suna Agwagwa.

Ranar Litinin Injiniyan da Oga ya kira don ya sa mana ita ya zo daga Abuja, siriri, mai furfura a gemu, da filash rataye a wuya kamar laya. Ba ya dariya, ba ya fushi. Ya tara mu ya ce kowa ya buɗe folda ɗaya a kan allo ya zuba duk abin da yake so.

“Abin da ke cikin folda shi zan kwashe,” ya ce. “Bayan nan zan goge komai. Abin da ke waje, ku yi masa addu'a.”

Zai fara daga bakin ƙofa, ya ƙare a kan ta Madam ranar Juma'a. Na kalle ta. Da aka watse ta raɗa mini cewa Juma'a da sassafe za ta riga kowa zuwa ta fito da takardun daga kwandon. Ba za ta baje su a fili kwana huɗu ba, ga duk mai buga takarda.

Tawa aka fara yi. Allo ya yi baƙi, wasu fararen rubutu suka yi ta gudu, sannan ta farka da wata fuska da ban sani ba. Ta yi sauri kam, ƙarar ma ta ragu. Amma kartata ta shekara shida, da duk nasarorin da na ci, babu ko ƙura. Na tambayi Injiniya ko za a iya dawo da ita, ya ce, “Ka sa a folda?” Daga nan na gane mutumin nan ba ya faɗin abu sau biyu. Kullum sai kwamfuta ɗaya ko biyu su mutu su tashi ba su san masu su ba, layin yana matsowa wajen taga, inda Madam ke zaune.

Laraba da hantsi wayarta ta yi ƙara. Yayanta ya rasu a ƙauye. Oga ya ce ta tafi. Na raka ta bakin bene da jakarta, za ta kama Keke zuwa Diko ta shiga motar Kaduna. Ta buɗe baki za ta yi mini magana, sai ga Oga a bayanmu yana yi mata gaisuwa. Abin da ta iya cewa shi ne, “Zan dawo kafin Juma'a.”

Alhamis hadari ya haɗu tun safe, ofis ya yi duhu har sai da aka kunna fitila. Kafin sha ɗaya Injiniya ya gama ta shida. Ya goge hannu ya ce ba zai sake shan cunkoson hanya gobe saboda kwamfuta ɗaya ba, yau zai ƙarasa. Oga ya ce madalla.

Na shiga sito na kira Madam. Ƙauyensu bayan duwatsu yake, waya ba ta shiga. Na kira har wayar ta yi zafi a kunnena. Na yi tunanin in zauna da kaina in fito da su, amma na san a kwandon nan wurin mayarwa da wurin zubarwa maƙwabta ne, yatsuna kuwa kamar doya.

Injiniya ya kwashe foldar da Madam ta buɗe tun Litinin. 'Yan wasiƙu ne a ciki, minti ɗaya bai cika ba. Ya ce wa Oga aikin shekaru bai kamata ya zama wannan kaɗai ba. Oga ya ce Madam ɓoye-ɓoye gare ta, tabbas ta kwashe manyan a filash ɗinta, ita ba ta kuskure.

Na matso ina murmushin da ba na ji a ciki. “Injiniya, ka duba ko'ina kuwa? Akwai abin da ke cikin kwamfutar nan, in aka ɗora shi a sikeli da Dutsen Zuma, dutsen ne zai tashi sama.”

Ofis ya kwashe da dariya. Wani ya ce Mai Sito ya fara. Wani ya tambaya ko kifin nan ne da na ce ya ja kwalekwale. Na sake gwadawa, na ce wani lokaci abu mai daraja kan faɗa shara. Suka ce in je in duba bolar kasuwa. Shekara ashirin ina ba su dariya, ranar da nake neman su daina, sun ƙi.

Aka tafi sallar azahar. Ban san me liman ya karanta a zuciyarsa ba, ni dai lissafina ɗaya: in na yi shiru, takardun sun tafi, Madam ta tafi. In na faɗa, na karya rantsuwa, kuma na tona ta a gaban mutumin da ya ce ta ɗauki jakarta, da ma wanda ya taɓa sace takarda, don har lokacin yana cikinmu, ko wane ne.

Da muka dawo ruwa ya sauko. Injiniya ya cire filash daga wuya ya soka. Allo ya yi baƙi, ya dawo, ya fito da tambayar da na riga na gane kamanninta sau shida, ta ko a goge komai. Ya ɗora yatsa.

Na ɗora hannuna a kan nasa.

Oga ya ce, “Mai Sito, wasa ya isa.”

Na ce, “Yallaɓai, takardun iyaka suna cikin kwandon shara. Duka. Can take ajiye su.”

Aka sake dariya, amma ba ta yi nisa ba. Injiniya ya daɗe yana kallona.

“Kwana huɗu ina jin mutumin nan,” ya ce. “Yau na fara jin ya yi magana babu giwa a ciki.”

Ya zare filash, ya tayar da tsohuwar manhajar, ya buɗe kwandon. Sunaye suka zubo, yana ja ƙasa, ba su ƙare ba. Oga ya nemi kujera ya zauna. Har la'asar ana kwashewa, ruwa na dukan kwano. Ina shirin in yi hamdala sai Injiniya ya juyo ya tambayi Oga yaushe aka fara shigar da takardu a kwamfutar. Oga ya faɗa masa. Ya nuna mafi tsufa a jerin. Shekara uku ne tsakani.

“Kwandon nan yana da ma'auni,” in ji shi. “In ya cika, shi da kansa yake zubar da na ƙasa don na sama su samu wuri. Ba ya tambaya. Tun yaushe yake yi, ban sani ba.”

Madam ba ta dawo ba sai Litinin, ruwa ya cinye musu gada. Ta tarar da Agwagwa a kwamfutarta, firinta na aiki, kowa na kallon ƙasa. Oga ya kira ta ciki, ƙofa a buɗe. Ya faɗa mata abin da aka samu da abin da ba a samu ba. Ba ta yi kuka ba. Ta fito ta ɗauki jakarta.

Oga ya ce, “Ina za ki? Ban gama ba.”

“Chaza, Oga. A shekarun nan uku can muka fi aiki. Na tuna gidajen, na tuna masu unguwar da suka sa hannu. In suna da rai, za su sake dangwalawa.”

Oga ya ce in ɗauko igiyar awo in bi ta. A kan bene ta ce mini, “Ka karya rantsuwa.” Na ce na biya, mutum goma na ciyar wajen mai tuwo, ina tsaye ina kallo kamar maraya. Ba ta yi dariya ba, amma ta riƙe mini igiyar har na sauka.

Yanzu takardun suna cikin folda mai kulle, ita da Oga kaɗai suka san lambar, da kwafi a wani wuri. Kwandon fanko ne, kuma har yau ban ga wanda ya taɓa shi ba. Kowace Alhamis ni da Madam muna cikin Keke, gida gida, da tawadar yatsa a jakarta. Wasu sun samo kwafinsu a ƙasan akwati. Wasu sun sake sa hannu cikin raha. Wasu kuwa da suka ji cewa takardar babu, sai na ga idonsu ya tafi kan katangar maƙwabci ya tsaya.

Makon jiya muka je wajen wani tsoho da ya yi shaida a iyakoki biyar, Madam ta ce shi ne ya fi kowa riƙe su a ka. Tun daga kwanar layin muka hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan, mutane zaune, takalma jere. Mai Keke ya tambaya ko ya jira mu. Madam ta ɗaure ɗankwalinta, ta ce ya jira, akwai wani gidan a gaba.