Layin Da Na Sa Mijina Ya Soke

Shekarata ashirin da huɗu lokacin da na biyo mijina Alkahira. Shi likitan ƙashi ne, ya zo ƙaro ilimin tiyata, yana kuma aiki a wani asibiti mai zaman kansa. Ni kuwa na shiga digiri na biyu a adabin Larabci. Mace ce ni mai yawan nutsewa cikin tunani. Nakan tsaya a barandar gidanmu, hawa na huɗu a Ard al-Liwa, ina kallon tattabarun maƙwabta suna kewaya sama bayan la'asar har shayi ya huce a hannuna. Na yarda ƙwarai cewa kalma tana da rai, kuma abin da baki ya ambata yakan ji kira ya zo. A gidan da na tashi ba a faɗin sunan mugun ciwo, sai dai a ce "wancan abin".

Wata Juma'a da ya dawo masallaci ya miƙo mini takardu, ya ce tunda ni ce malamar Larabcin gidan, in karanta mana. Inshorar takaful ce, wato irin ta Musulunci, da asibitin ya shirya wa likitocinsa. Kashin farko mai sauƙi ne: idan ciwo ko haɗari ya hana likita aikinsa, za a riƙa ba shi wani abu duk wata. A ƙasa kuma akwai ƙari, wanda mutum zai zaɓa da kansa, an rubuta "ajzu" a samansa. Na san kalmar, daga ita muka samo "ajizi", na kuma saba ganinta a waƙoƙi tana nufin kasawar masoyi. Amma a takardar nan an zayyana ta filla-filla: wanda ba ya iya wanka da kansa, ba ya iya sa tufafi, ba ya iya kai loma baki, ba ya iya tashi daga gado, ba ya iya zagayawa. Idan abu ya kai haka, za su ƙara abin da zai isa a ɗauki mai jinya a gida.

Ban iya ƙarasa karatun ba. Gani na yi kamar ana jera masa masifu, kuma da bakina ake jera su. Ya yi dariya, ya ce kullum irin waɗannan mutanen yake dubawa, kuma babu wanda ya kira abin da ya same shi. Ya ce abokan aikinsa duk sun zaɓa. Na ce wannan mugun fata ne, ina tawakkalin? Da na ga bai sauko ba, sai na faɗi maganar da har yau take yi mini nauyi: "In ma hakan ta faru, ina raye wani ƙato zai yi maka wanka? Ni ce mai jinyarka." Ya dube ni cikin tausayi, ya ce khalas, shi ke nan, tunda Malama ta hana. Ya ja biro ya soke layin. Ranar na wuni cikin farin ciki, ina jin na kare shi daga wani abu.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, yana tsallaka titi a Ataba wata ƙaramar bas ta buge shi. Lakarsa ta taɓu daga wuya. Ƙafafu suka daina motsi, hannayen da yake gyara ƙashin mutane da su suka kasa riƙe cokali. Likitocinsa suka ce ƙafafun sai ikon Allah, amma hannayen za su iya dawowa idan ya daure da zuwa gashin ƙashi kullum, na dogon lokaci. Kashin farko na inshorar ya biya, alhamdu lillahi, shi ya riƙe mana haya da abinci da gashin. Mai jinya ne babu. Na je ofishinsu a Zamalek, matar da ke wurin ta buɗe fayil, ta juyo mini da shafin, ta ɗora yatsa a kan layin da aka soke, ta ce ma'alish, wato sai haƙuri.

Na ajiye karatu. Ni ce juya shi a gado, ni ce wanka, ni ce ɗagawa zuwa kujera. Benen ba shi da lifta, sai mai gadi da wani maƙwabcinmu ɗan Sudan sun sami sarari su sauko da shi. Gashin ya koma sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya. Wata safiya a banɗaki bayana ya riƙe, muka zube tare. Muka daɗe a jiƙaƙƙen ƙasa, shi ba ya iya tashi, ni ba na iya ɗaga shi. A nan ya tambaye ni inda ciwon yake sauka, da irin muryar da yake yi wa marasa lafiyarsa magana. Da na nuna masa ƙafata ta hagu, ya ce alama ce ƙashin bayana ya fara danne jijiya. Daga baya ya ce mu koma gida, inda 'yan'uwansa maza za su riƙa ɗaga shi. Na tuna masa garinmu babu irin wannan gashin. Ya ce, "Hannuna ne ko bayanki, Malama. Na riga na zaɓa."

Mun dawo. Yatsunsa sun fara lanƙwashewa ciki, kuma bai taɓa ɗora mini laifi ba ko da wasa. Na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Abin da na gane shi ne, ƙin ambaton abu ba ya hana shi zuwa, kuma shiri ba ya rage wa mutum tawakkali. Matan likitoci da likitocin kansu, idan irin wannan takarda ta zo hannunku, ku daure ku karanta har ƙarshe, ko da murya tana rawa. Ni da zuciya ɗaya na yi alkawarina, sai dai ban yi shawara da jikina ba, kuma hannun mijina ne ya biya.