Bilan Mai Sayar da Tikiti a Ƙarƙashin Gada

Pan Bilan ba ta da tsawo, amma idan ta buɗe murya a ƙarƙashin gadar Manhattan, ko jirgin ƙasan da ke wucewa a sama ba ya danne ta. Daga wani ƙauye kusa da Fuzhou a ƙasar Sin ta zo New York. Ta yi ɗinki a masana'anta har idonta ya fara gazawa, sannan ta koma sayar da tikitin bas mai zuwa Philadelphia, a bakin titi, da jaka ɗaure a ƙugu. Mijinta Dehai yana cikin direbobin fararen motocin kamfanin da take wa aiki.

Da farko ma'aikatan gidajen abinci kawai suke ɗauka, dala ashirin. To amma gwamnati ta riga ta sassauta dokar sufuri, duk mai tsohuwar bas yana iya kafa layi. Kwatsam sai ga masu jajayen motoci sun faka dab da su, dala goma sha biyar. Mai sayar musu da tikiti kuwa Yunfang ce, 'yar ƙauyen su Bilan, wadda suka taɓa zama ɗaki ɗaya.

"Yaya, matsa can, kin tare mini fasinja," in ji Yunfang.

"In matsa? Gadar nan gadon gidanku ce?"

Kuɗin mota ya sauko goma, ya sauko biyar. 'Yan jami'a suka ji labari, suka yi ca. Fasinja kuma suka yi wayo: mutum ya tsaya a tsakiya da jakarsa, ya bar matan biyu su yi ta jan rigarsa har ɗaya ta rage masa. A irin haka ne Bilan ta fizge wa Yunfang ɗan kunne har da tsoka, ita kuma ta fasa mata haƙori da ƙarfen lema. Faɗan mazan ya fi muni. Ana farke tayoyi da wuƙa, ana fasa gilasai, an banka wa mota biyu wuta. Dehai kullum yana hanya, ba barci, ba kuɗin gyaran birki.

Sai mai kamfanin su Bilan ya ce ranar Asabar shiga mota kyauta ce, har da ruwan gora. Layi ya kai kasuwar kifi. Har waɗanda ba su san kowa a Philadelphia ba sun zo. Jajayen motoci suka wuni wayam.

Da azahar Dehai yana bayan motarsa yana jera akwatuna, sai ƙanen Yunfang, direban wata jar mota da ke fake a baya, ya tayar da inji. Ya taka totur, ya matse Dehai tsakanin ƙarfe biyu. Ya ja baya, ya sake dannawa. Bilan ta ji ƙarar ƙashi tun kafin ta juya. Ta isa ta tarar da shi a ƙasa, ƙafafunsa a dagargaje, jini na gangarawa kwata. Direban ya dira ya shige cikin taro.

Tana riƙe da kan mijinta wani fasinja ya taɓa kafaɗarta. "Goggo, to yanzu wa zai tuƙa mu?"

Ta miƙe ta maka masa jakar kuɗi a fuska. Sai da 'yan sanda uku suka ɓamɓare ta daga wuyansa.

Dehai ya rayu, amma an yanke ƙafafun. Yana asibiti masu kamfanonin biyu suka zauna a wani gidan abinci, suka ci ƙaguwa, suka haɗe kamfanonin. Tikiti ya koma ashirin da biyar. Fasinja suka yi gunaguni, suka biya.

Bilan ta ci gaba da aiki, saboda kuɗin haya ba ya jira, kuma a rumfa ɗaya aka haɗa ta da Yunfang. Ba ta taɓa tambayarta inda ƙanenta ya gudu ba. Da hukuma ta rufe layin motocin, ta ɗauki Dehai suka koma wurin 'yarsu mai gidan abinci a Ohio. Can yake zaune a kicin yana mulmula curin naman kifi, ita tana karɓar oda a waya.